Funfuna a cikin ido: abubuwan mamaki a taƙaice

Ba burodi da kwantan tuwo kaɗai funfuna ke kamawa ba. Danginta, waɗanda likitoci ke kira fangas, sukan bi jini su sauka can ƙuryar ido, kuma sau da yawa hoto ne ke fara tona musu asiri.

Bajamushe Hermann von Helmholtz ne ya fito da madubin leƙen ƙuryar ido a 1851. Sai da aka shekara 140 kafin masana a jami'ar MIT ta Amurka su kawo na'urar OCT a 1991. Da haske take aiki, ko taɓa idon ba ta yi, amma tana nuna tantanin bayan ido hawa-hawa, alhali kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba.

A cikin fangas ɗin da ke bin jini zuwa ido, wadda ake kira Kandida ce ta fi yawan yin ɓarna, musamman ga majinyacin da ya daɗe da robar ƙarin ruwa a jijiya. A hoto takan fito fararen curi-curi, wani lokaci a jere kamar carbi. In ruwan idon ya gurɓace har haske ya kasa ratsawa, sai a koma sikanin, irin dai na masu juna biyu. Duk da haka hoto zargi kawai yake yi. Tabbaci sai an zuƙi ruwan idon an auna.

Ga wadda ta fi ba ni mamaki. A shekarun 1980 likitocin Turai sun yi ta ganin cutar a idon masu allurar hiroyin. Ashe ruwan lemun tsamin da suke narka ƙwayar da shi ne matattarar Kandida.

A yankin kogunan Ohio da Mississippi na Amurka kuwa, akwai fangas da ke zaune a ƙasar da ta sha kashin jemage da na tsuntsaye. Shaƙarsa ake yi, amma yakan bar tabo a ido, mai shi bai sani ba sai ranar da aka ɗauki hoto.

Natamycin, ɗigon da ake kashe fangas na gaban ido da shi, daga ƙasar Natal ta Afirka ta Kudu aka gano shi a 1955. Shi ake shafa wa cuku don kada ya yi funfuna!

Manoma, ku kula: kara ko ganye da ya soki ido lokacin girbi na iya shigar da fangas, ɗigon sitiroyid na kemis kuma rura shi yake yi. In ido ya yi ja yana zogi, a nufi asibitin ido.