Abin da kusu ya koya mana game da irin jini

Ƴan uwa manoma, mun san gona ba ta yi sai da iri. To, jinin ɗan Adam ma yana da nasa iri. Wannan iri ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna cikin ɓargon ƙashi. Su ke haifar jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da masu tsaida jini idan an ji rauni. Jar ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu, shi ya sa ɓargo ba ya hutawa.

Akwai wani haske mai ratsa jiki, irin wanda bom ya watsa a Hiroshima a 1945. Idan ya yi yawa, yana ƙone irin jini, sai cuta da zubar jini su kashe mutum.

A 1961, a birnin Toronto na Kanada, masana biyu, Till da McCulloch, sun haska kusa da wannan haske, sannan suka yi musu allurar ɓargon wasu kusa masu lafiya. Bayan kamar kwana 10, sai ga ƙuraje sun tsiro a saifarsu. A 1963 aka tabbatar kowane ƙurji daga ƙwaya ɗaya tak ya fito.

A 1983, a Ostireliya, aka tace wani sinadari daga jikin kusu, mai suna G-CSF. Shi ke zaburar da ɓargo ya haifi fararen ƙwayoyi da sauri. Kusan da aka haska, in an yi musu allurarsa, sun fi saurin farfaɗowa. Amma taki ba ya tsirar da gonar da ba iri: maganin yana aiki ne idan wani iri ya tsira.

Daga nan aka samu allurar filgrastim, wadda Amurka ta yarda da ita a 1991 domin masu ciwon daji, a 2015 kuma domin waɗanda hasken ya yi wa illa.

Mi ya shafe mu? Magungunan ciwon daji su ma suna rage fararen ƙwayoyi. Saboda haka, in ɗan uwanmu yana karɓar wannan magani, zazzaɓi ya kama shi, kada mu ce masassara ce ta kullum. Mu kai shi likita a ranar, ko da dare ne. Jikinsa ba shi da mayaƙa, jinkiri na iya cin ransa.