GORON SALLA A GANGARA: NAWA YA KAMATA UBA YA BA ƊIYANSA?

Masu iya magana sun ce salla bikin ɗaya rana, ta wuce ta bar wawa da bashi. Wannan karin magana bai tsufa ba a ƙasar Gangara, ƙaramar hukumar karkara da ke jahar Maraɗi kusa da iyakar Najeriya, wadda da can take cikin gundumar Agye kafin a yanka gundumar Gazawa a shekara ta 2011 a saka ta ciki. Ko wace shekara, da zarar azumi ya kai ashirin, tela ya rabu da barci, magidanci kuma ya shiga lissafi: hatsin fidda kai, da yadin yara, da takalma, da kajin miya. Daga ƙarshe sai ƴan kuɗin nan da ake danƙa ma yaro a hannu bayan an sauko daga idi, waɗanda ake kira goron salla ko barka da salla. Su ne mafi ƙanƙanta cikin lissafin, amma sau da yawa su ke haddasa ɓacin rai tsakanin kishiyoyi da jin kunya tsakanin maƙwabta.

Salla ta dawo bazara

Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Nasara da kwana 10 ko 11, salla tana zagaya lokutan shekara duka cikin kimanin shekara 33. A 2006 da 2007 sallar azumi ta zo cikin watan Oktoba, tsakiyar kaka, rumbu cike, gyaɗa da wake a tsakar gida. A 2013 ta zo cikin Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. A 2024 kuwa cikin Afrilu aka yi ta, a 2025 ƙarshen Maris, kuma cikin Maris take a 2026 da 2027.

Manomin Gangara ya san abin da wannan ke nufi. Watan Maris yana nesa da kaka da wata biyar, rumbu ya fara sauka, kuɗin aya da riɗi da gyaɗa da aka sayar sun shige cikin biki da biyan bashi. A gaba kuma ga damana tana tafe da bukatar iri da taki da ladan ƴan ƙodago, ga sallar layya nan da wata biyu da kwana 10, daidai lokacin da ake duban gabas ana jiran ruwan shuka. Saboda haka duk dalar da ta fita a sallar bazara, daga bakin damana aka cire ta. Wanda ya buɗe rumbu ya sayar da dami domin ya burge yara rana guda, shi ne zai sayi hatsin nan da tsada cikin watan Yuli, ko ya bar gonarsa ya tafi noman kuɗi a ta wani.

Dattawa ba su manta da irin wannan salla ba. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, tamma guda ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wata biyu bayan haka, tsakiyar Maris, aka yi sallar azumi. Kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, ma'aikatan gwamnati kuma a shekarun nan sukan yi wata da watanni suna bin bashin albashi. Duk da haka an yi salla, yara sun yi yawo, sun samu dala biyu nan, dala biyar can. Da yawa daga cikin yaran wancan lokaci su ne magidantan yau masu wannan lissafi.

Kuɗi iri biyu

A garuruwan bakin iyaka sefa da naira duka suna yawo, kuma magidanta da samari da yawa sukan tafi ci-rani Katsina ko Kano su dawo da guzurin salla. To amma naira ta yi rauni ƙwarai tun da gwamnatin Najeriya ta sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023: dalar Amurka guda, wadda ke wajen naira 460 a farashin hukuma, ta haura naira 1.500 a farkon 2024. Mai ci-rani ya dawo da damin takardu, ya canza su zuwa sefa, ya tarar da abin da ke hannunsa bai taka kara ya karya ba. Bugu da ƙari, an rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ta ba sai cikin Maris 2024, ƴan makwanni kafin salla. Ƴan kasuwar da ke ɗauko atamfa da shadda da takalman roba daga Kano sun ji a jikinsu, masu saye ma haka.

Lissafin gida guda

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2012 ya nuna cewa, a matsakaici, mace a Nijar tana haihuwar ɗiya 7,6, a jahar Maraɗi kuwa 8,4. Gida mai yara 10 ba abin mamaki ba ne a Gangara. A ɗauki magidanci mai mata biyu da ɗiya 10 da tsohuwa guda, kai 14 ke nan har da shi. Abin da ya fara hawa kansa shi ne zakkar fidda kai, sa'i guda ga ko wane kai, wato mudun Annabi huɗu na abincin da aka fi ci a gari, abin da ya yi kusa da tiya guda ta hatsi. Tiya 14 ta wuce kashi ɗaya cikin uku na buhu mai tiya 40. Wannan wajibi ne, kuma hikimarsa ita ce kada a bar wani gida ba wuta ranar idi.

Bayan haka sai tuwon salla, sai tufafi, kana a zo ga goro. In ya ba ko wane yaro dala 100, jikka 5 ta tafi. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanka ya tsaya a sefa 30.047 tun 2012, aka ɗaga shi zuwa jikka 42 daga Janairu 2024. Jikka 5 kuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na wannan adadi. Ba a ma sa ɗiyan ƴan'uwa da na maƙwabta ba, waɗanda za su yi ta sallama a ƙofar gida ƙungiya-ƙungiya har kwana uku. Yaro 40 a kan dala biyar-biyar, jikka guda ce cif.

Addini bai yanka wani adadi ga goron salla ba, al'ada ma haka. Abin da malamai ke karantarwa shi ne kowa ya ciyar gwargwadon abin da Allah ya hore masa, tsakanin rowa da almubazzaranci. Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne na tukunya: kada goron salla duka, na ɗiyan gida da na baƙi, ya wuce kuɗin cefanen gidan na kwana biyu. Wanda cefanensa jikka guda ne a yini, jikka 2 ta ishe shi. Wanda nasa jikka 5 ne, yana da fili har jikka 10. Daga nan sai a raba bisa ga shekaru. Yaron da bai isa shiga lakkol ba, dala 5 zuwa 10 ta saya masa alawa ko ƙuli-ƙuli, kuma ƙarar ƙwandaloli cikin aljihu ta fi masa takarda daɗi. Ɗan firamare ya samu dala 20 zuwa 50. Saurayi ko budurwa da suka fara sanin darajar kuɗi, dala 100 ko abin da ya fi haka kaɗan. Sharaɗi biyu ne ba su canzawa: ba a cin bashi domin goron salla, ba a kuma taɓa iri. Mai hankali yakan fara tara canji tun farkon azumi, domin ƙananan kuɗi suna wuya a kasuwa, kuma rashin canji ya sha sa magidanci ya miƙa dala 100 inda ya yi niyyar 20.

Masu zuwa daga birni

A nan ne magana ta shafi ƴan kasuwa da ma'aikata kai tsaye. Ranar jajibiri motoci da babura sukan sauko daga Maraɗi da Tasawa da Damagaram har da Yamai, ɗauke da ƴan gari da suka zo salla gida. Ɗan kasuwa ya tsaya a ƙofar gidan ubansa, ya zaro sababbin takardu, ya ba ɗansa jikka guda a gaban ɗiyan wansa manomi waɗanda ubansu ya ba dala goma-goma. Shi a ransa alheri ya yi. Amma kafin la'asar labari ya gama unguwa, yara sun gwada abin da ke aljihunsu, uwaye mata sun ji, kuma wansa ya kwana da nauyin da bai san yadda zai sauke ba. Baɗi sai a ga ya sayar da akuya ko ya karɓi bashin da zai biya da hatsi a kaka, domin kada ɗiyansa su raina shi.

Ta haka mai albashi da mai kanti suke yanka ma ƙauye farashin salla ba tare da sun sani ba. Wanda Allah ya buɗa ma, yana da hanyar da ta fi wannan. Ya ba ɗansa a bainar jama'a daidai da abin da ya ba ɗiyan ƴan'uwansa. In yana da ƙari, ya danƙa shi ga uban yaran a asirce tun kafin salla, domin kyautar ta fito daga hannun uba, girmansa ya tsira. Buhun hatsi ko turmin atamfa da ya iso gida ana saura kwana 10 ya fi takardun da aka watsa ranar idi amfani nesa ba kusa ba.

Adalci tsakanin ɗiya

Yaro ba ya tuna nawa aka ba shi a sallar shekara kaza, amma ba ya manta ranar da aka ba ɗan'ubansa fiye da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin sahabi Nu'umanu ɗan Bashir, wanda ubansa ya yi ma kyauta shi kaɗai, ya je neman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida. Da Manzo ya ji cewa sauran ɗiyan ba su samu irinta ba, sai ya ƙi shaidar, ya umurce shi da tsoron Allah da yin adalci tsakanin ɗiyansa, uban kuwa ya janye kyautar.

A gidan mata biyu ko uku wannan darasi ya fi nauyi. Yadi iri ɗaya, tela ɗaya, rana ɗaya. Goro kuma a raba shi a tsakar gida, sa'a da sa'a daidai, ko ɗan uwargida ne ko na amarya. Haka nan ɗiya mace, wadda ta yini tana daka da ɗaukar ruwa da kai tuwo gida-gida, ba ta cancanci rabin abin da aka ba ƙanenta ba. Maraya da ɗan riƙo da ke cikin gidan su ma a jera su sahu ɗaya da sauran. Dala 20 da aka raba daidai ta fi jikka da aka ba ɗan lele a bayan ɗaki, domin gabar ƴan'uba da ake gani wurin rabon gona bayan rasuwar maigida, da irin waɗannan ƙananan abubuwa take fara tsiro.

Bayan salla

Saura tambaya guda: ina kuɗin ke tafiya? Yaron da ya zagaya dangi kwana uku yakan tara abin da ya fi wanda ubansa ya ba shi. Wani ya ƙarar da su ga bindigar roba da hayar keke. Wani kuma uwa ta karɓa da sunan ajiya, ajiyar da ba a sake jin labarinta. Da haka yaro ke koyon ɓoye kuɗi da rashin yarda da na gaba da shi. In bukata ta sa aka taɓa kuɗin yaro, a faɗa masa gaskiya, a kuma mayar.

Ƙasar Maraɗi tana da tsohuwar dabara a kan wannan. A bar ma yaro kashi guda ya ci daɗin salla, sauran a saya masa kaza. Kaza ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, a sayar da zakaru a haɗa a sayi ƴar akuya, jar akuyar Maraɗi kuwa an san ta da yawan haihuwar tagwaye. Ƴan mata da yawa da haka suka tara abin da ya taimaka wurin kayan ɗakinsu, ƴan lakkol kuma suka sayi littafi da alƙalami a watan Oktoba ba tare da an jira uba ba. Ba banza ba ne ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, suka kafu a kan zubin ƴan kuɗi kaɗan ko wane mako, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Uwar da ta san amfanin asusu ita ta fi dacewa ta koya ma ɗanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan al'ada ba. A Masar ana ba yara idiyya, a Maleshiya ana sa kuɗin cikin koren ambulan, mutanen Sin kuma cikin ja a bikin sabuwar shekararsu. Ambulan ɗin yana da hikima, domin yana rufe adadin, ya bar albarkar a fili. Bahaushe ma da ya kira abin goro ya san abin da yake nufi: goro ba a cinsa a ƙoshi, ana miƙa shi ne domin zumunci da girmamawa. Magidancin da ya fidda zakka, ya ciyar da gidansa, ya rufa ma ɗiyansa jiki, ya raba musu ƴan ƙwandaloli daidai wa daida, irinsa kuma yana nan cikin rumbu yana jiran ruwan farko, ya yi salla cikakkiya. Allah ya maimaita, ya kuma ba da damana mai albarka.