Shin Ko Kun San? Takobin Japan da Takobin Gidanmu

Shin ko kun san cewa a ƙasar Japan kowane takobin gargajiya yana da katin rajistarsa? Hukumar ilimi ta jiha ce take bayarwa, domin su a wurinsu takobi kayan fasaha ne kafin ya zama makami. A katin ake rubuta tsawonsa da lanƙwasarsa da sunan maƙerin da ya ƙera shi, in akwai. Duk hannun da takobi ya koma, katin na biye da shi, kuma wanda ya saya sai ya sanar da hukuma cikin kwana 20.

Shin ko kun san cewa maƙerin takobi a can sai ya yi shekara 5 yana zuga wa ubangidansa kafin gwamnati ta ba shi lasisi? Ya samu ɗin ma, dogon takobi biyu kacal aka yarda ya ƙera a wata. Ƙarfen daga baƙin yashi ake narko shi da gawayi, a wani murhun yumɓu a jihar Shimane wanda aka farfaɗo da shi a 1977, kuma wuta kan kwana uku tana ci ba a bari ta mutu.

To mu dawo gida. Shin ko kun san cewa Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya shigo ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ne ke shigowa Kano kowace shekara? A 1851 ke nan, kowane ɗaya a kan wuri 1,000. Ya ce kusan duk waɗanda ya gani ƙirar garin Solingen ne na Jamus. Tsirara suke zuwa a bayan raƙuma, a Kano ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, a ɗaura hamila, sannan Buzaye da Fulani da Nufawa da Barebari su saya. A watan Maris na 1851 ɗin Barth ya ratsa ta Gumel a hanyarsa ta zuwa Kukawa.

Ita kuwa Gumel ba ƙasar da za a koya wa riƙon takobi ba ce. Mangawa suka kafa ta wajen 1750, ta bi Borno, kuma jihadin Shehu ya zo ya wuce ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Ga Haɗeja a gefe guda, ga Kano, ga Damagaram ta arewa, duk ta gwabza da su. Sarkin Gumel Abdullahi a fagen daga ya kwanta dama a 1872, a yaƙi da Haɗeja. Sai 1903 Turawa suka zo aka mai da takubba kube. Ina suka shiga? Wasu na fitowa ranar hawan Salla a kafaɗar mahaya, wasu na rataye a ɗakunan tsofaffi daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar, ba kati, ba rubutu, sai abin da kaka ya faɗa wa jika.

Shin ko kun san cewa masana takubban Japan ba sa yarda a goge tsatsar da ke jikin wutsiyar takobi, wato ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota? Kalar tsatsar nan da zanen magagari da sa hannun maƙeri su ne shaidar shekarunsa. Wanda ya kankare ta ya zubar da kuɗinsa da hannunsa. Ruwan takobin kuwa mawashi na musamman ake kai wa, mutumin da kan yi kusan shekara 10 yana koyo, ya ɗauki makonni a kan takobi guda da duwatsu kala-kala. A nan, jajibirin Salla sai a miƙa wa yaro samfefa a ce ya sa shi ya yi ƙyalli. Allah ya kyauta.

A Japan tantancewar ma tana da matakai. Wata ƙungiya mai suna NBTHK, da aka kafa a 1948, ita ke zaunar da masana su duba takobi su ba shi takarda, daraja huɗu, kowace tana gaba da wata. Tun kafin ita, gidan Hon'ami sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan aiki ga sarakunan yaƙin ƙasar. Takardar nan ce ke yanka farashi.

Namu fa, da me ake gane shi? Takobin ƙasar Hausa da Abzin miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, tsawonsa ya kusa mita guda, sau da yawa da kwari uku a tsakiyar ruwan. Ku duba kusa da ƙota, za ku iya ganin tambarin jinjirin wata guda biyu, ko wata dabba mai gudu, alamar maƙeran Jamus. Amma fa a yi hattara, maƙeranmu sun kwaikwayi tambarin nan sun buga a nasu, don haka tambari kaɗai ba hujja ba ne. Akwai ruwan Turai, akwai na tama da aka narka a gida, akwai kuma na baya-bayan nan. Tun da layin dogo ya ratsa Gagarawa Tasha ya isa Nguru a 1930, motoci kuma suka biyo baya, ƙarfen Bature da tsofaffin sifirin mota suka wadata, narkar da tama ta yi ta ja da baya. Tsohon Sarkin Maƙera na iya bambance su ta nauyi da amo da yadda ruwan ke lanƙwasa ya miƙe. Irin waɗannan dattawa su ne masananmu, kuma kullum raguwa suke yi.

Shin ko kun san cewa Katsina na da takobin sarauta mai suna Gajere, wanda ake dangantawa da Sarki Korau, Daura kuma na adana wanda aka ce da shi Bayajidda ya sare macijiyar rijiyar Kusugu?

Ga maganar kuɗi. A 1992 an yi gwanjon takubban wani likita Ba'amurke, Walter Compton, a birnin New York, inda takobi guda ya tashi dala 418,000. A 2020 birnin Setouchi na Japan ya biya yen miliyan 500 ya sayi takobin da ake kira Sanchomo, galibi da gudummawar jama'a, don ya koma yankin da aka ƙera shi.

Mutanen Japan ma an yi musu asara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun sa an tattara takubba, aka lalata wasu, aka kwashe wasu. Shahararren takobin gidan Tokugawa, Honjo Masamune, an miƙa shi ofishin 'yan sanda a Tokyo a watan Disamba na 1945, har yau ba a sake ganinsa ba.

Shin ko kun san cewa ba a fitar da tsohon takobi daga Japan sai hukumar al'adu ta ba da takardar shaidar cewa ba ya cikin dukiyar ƙasa? Sannan a mayar da katin rajistarsa. Akan aika shi cikin farin kuben katako, an shafe ruwan da mai. Ingila ma tun 2008 ta hana shigo da lanƙwasasshen takobi mai santimita 50 ko fiye, in ba tsohon tarihi ba ne ko ƙirar hannu ta gargajiya.

Nijeriya na da tata dokar, ko da yake kaɗan ne suka san da ita. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haramta fitar da kayan tarihi waje ba da izininta ba, ta kuma hana cinikinsu sai ta hannun wakilin da ta amince da shi. Kayan hannu da aka yi kafin 1918 na cikin lissafi. Takobin da ya ga yaƙin Haɗeja ya shiga ciki ke nan, ko da dillali ya ce tsohon ƙarfe ne.

Don haka mai takobin gado a gida, kada ka kai shi injin washi, kada ka sake masa ƙota. Ɗan man keken ɗinki da ƙyalle mai laushi sun wadatar, a kuma nisanta shi da danshi. Ka ɗauki hotonsa, ka zauna da dattijon gidanku tun yana da rai, ka rubuta sunan wanda ya riƙe shi da yaƙin da ya je da shi.