3.4 Tsabtace Fuskar Bulok da ta Tof Silinda Kafin Ɗora Sabon Gaskit

Gaskit shi ne shimfiɗar da ake sanyawa tsakanin bulok ɗin inji da tof silinda. Aikinsa shi ne raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba, wato wutar da ke tashi a kan fistin, da ruwan da ke sanyaya inji, da kuma baƙin mai. Idan ya ƙone aka sauya shi, sannan sabon ya sake ƙonewa bayan 'yan makonni, akan ɗora laifin a kan mai sayar da kayan gyara, a ce jabu ya bayar. Wani lokaci haka ɗin ne. Sai dai a ra'ayin wannan nazari, sau da yawa laifin yana ga fuskokin da aka ɗora gaskit ɗin a kansu.

Ya kamata tun farko a bambance tsabtacewa da fesin. Tsabtacewa ita ce cire ragowar tsohon gaskit da tsatsa da dauɗa ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Fesin kuwa shi ne a sa inji ya yanke ɗan siririn ɓangare na ƙarfen domin fuskar ta koma daidai. Ɓarnar takan faru ne idan bakanike ya shiga yin na biyu alhali yana zaton na farko yake yi.

Kafin a fara kankara, sai a toshe ramukan fistin da hanyoyin mai da na ruwa da tsumma mai tsabta. Bulok na baƙin ƙarfe yana jure makankarin ƙarfe idan an kwantar da shi, ba a kafa bakinsa ba. Alminiyom kuwa yana da taushi, don haka makankarin roba ko na katako ya fi dacewa da shi, bayan an jiƙa ragowar gaskit ɗin da maganin da ke sa shi laushi. Abin da ya fi haɗari shi ne faifan goga da ake ɗaurawa a bakin injin hannu. Yakan sa fuska ta yi ƙyalli har ta burge mai mota, amma yana cin gefen ramuka, yana kuma barin kwari da tudu waɗanda ido ba ya gani. Bugu da ƙari, garin da yake zubarwa ya fi ƙarfen inji tauri, idan ya bi hanyar mai sai ya cinye metal ɗin karanshaf. Haka abin yake ga sanfefar da aka naɗe a yatsa.

Bayan an wanke an busar, sai awo. Ana kwantar da miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsawon fuskar, da faɗinta, da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, ana gwada zura fila geji a ƙarƙashinsa. A injina da dama iyakar lanƙwasar da aka yarda da ita tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, wato kusan kaurin gashin kai ɗaya. Littafin kamfanin da ya ƙera motar shi ke da ta cewa a kan wannan adadi. Tof silinda ya fi bulok yawan lanƙwashewa, musamman idan na alminiyom ne, domin alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A nan ne kuma ake ganin illar zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, don yakan bar ƙananan ramuka a gefen hanyoyin ruwa.

Idan awo ya wuce iyaka, sai a kai wa masu fesin. Shi ma fesin yana da iyaka. Duk abin da aka yanke yana rage filin da fetur ke ƙonewa, matsi ya ƙaru, bawul ya matso kusa da fistin. A injin da kamshaf ke sama kuwa, lokacin buɗewar bawul ma yakan ɗan goce. Haka kuma dole mai fesin ya san irin gaskit ɗin da za a ɗora. Tsohon samfuri mai taushi yana cike ƙananan zane-zane, amma gaskit mai faifan ƙarfe hawa-hawa, wanda ya yaɗu daga shekarun 1990, yana buƙatar fuska mai sulɓi ƙwarai.

Misali mai kyau shi ne Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975. Injinta na fetur yana da bulok na baƙin ƙarfe da tof na alminiyom, kuma silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, ana zare shi. An tsara bakin silif ya ɗara fuskar bulok da ɗan kaɗan domin ya ciji gaskit. Wanda ya goge shi don ya yi daidai da bulok ya lalata aikin. Idan kuma aka juya inji tof yana cire ba a danne silif ba, zai iya ɗagowa, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin mai.

Ramukan kusoshi su ne ake yawan mantawa. Mai ko ruwan da ya kwanta a ƙasan rami yakan sa kusa ta yi kamar ta ɗauru alhali ba ta danne tof ba, wani lokaci ma ya tsaga bulok. Saboda haka sai a hure su da iska, a tsabtace zarensu, sannan a ɗaure daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, da sifanan awon ɗauri.