Jabal Dair ya yi mana nisa, amma taurarinsa suna saman gidanmu

A kudu maso gabashin birnin Al-Ubayyid, kusa da garin Rahad a Kurdufan ta Arewa, akwai wani dutse da ake kira Jabal Dair. Tsayinsa ya haura mita 1,400. Gwamnati ta keɓe shi a matsayin gandun daji na ƙasa, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu a duniya. An ƙidaya tsirrai iri 112 da tsuntsaye iri 220 a cikinsa. Ƙoramu na gangarowa daga kansa, alhali ƙasar da ke kewaye da shi busasshiya ce.

Irin waɗannan duwatsu, a wasu ƙasashe, da rana a hau su da ƙafa, da dare a kalli sama. Dalili kuwa shi ne, can bisa an wuce yawancin ƙura, kuma babu fitilun gari da za su kashe hasken taurari. Shi ya sa Sifen ta kafa cibiyar nazarin taurari kusa da dutsen Teide tun 1964.

To mu fa? Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, babu malamin da zai kwashi ɗalibai ya nufi Kurdufan. Ko Jabal Moya da ke nan yamma da Sinnar, inda Baturen nan Henry Wellcome ya tono tsofaffin kaburbura daga 1910 zuwa 1914, sai da ya zama fagen daga a 2024.

Amma abin da ya fi damuna ba rufewar hanya ba ce. Kwanan baya na tambayi ajina wa zai iya nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya. Yara biyu kaɗai suka ɗaga hannu, su ma kakarsu ce ta nuna musu.

Alhali kuwa da taurari iyayenmu suke noma, daga Maiwurno har ƙauyukan Jazira. Manzilolin wata 28 ne, kowane kwana 13, ban da Jabha mai 14, sai ga shekara ta cika 365. Na damina su ne makwabtanmu Larabawa ke kira "ina": Zira'a da ke kamawa a farkon Yuli, sai Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan, Sarfa, Iwa da Simaku. Dattijo kan tsaya a bakin hawasharsa ya gaya maka yau kwana nawa da shigar Ɗarfa, da kuma ko shukar dawa ta makara. Wannan lissafin lokaci ne, babu duba a ciki. Ruwa na Allah ne.

Ga shi yanzu yawancin dare babu wuta a ƙauyukanmu. Duhun da wasu ke biyan kuɗi su hau dutse don su samu, mu muna da shi a tsakar gida. Bayan Isha'i a shimfiɗa tabarma, a kashe fitilar waya, a jira kamar minti 20 ido ya saba da duhu. Sannan a ce, "Baba, nuna mana." Yaro ɗaya ya riƙe littafi, da safe ya rubuta sunayen da Hausa da Larabci.

Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya muka hau Jabal Dair, ina so yaranmu su ɗaga kai su kira taurarin da sunayensu. Allah ya nuna mana.