Dogondutsi: Yadda masu nauyin jiki za su zaɓi shimfiɗar cikin takalmin gudu

A ƙasar Arewa, daga Dogondutsi zuwa Tibiri, ɗan kokawa yana shiga fili ne ba takalmi, yashi ne ke tare masa ƙafa. Amma gudun neman numfashi kafin gasar Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, wasu a bakin kwalta suke yin sa, kamar yadda matasa masu shirin jarabawar shiga soja ko jandarma ke yi da asuba. A nan ne masu jiki ke gamuwa da ciwon dunduniya da gwiwa.

Duk taku ɗaya a guje, ƙafa na ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum. Mai kilo 90 yana sauke wa ƙafarsa kilo 180 zuwa 270 ke nan, sau dubbai kafin ya koma gida.

Da yawa a gwanjo suke sayen takalmin, kuma shimfiɗar da ke ciki ta riga ta lotsa da sawun mai shi na farko. Sai a zare ta a sa sabuwa. Kada a ɗora wata a kan tsohuwar, domin takalmin zai matse, yatsu su yi bororo.

Taushi ba shi ne inganci ba. Soso mai laushi irin na EVA yana da daɗin taku a kasuwa, amma yana saurin kwantawa a ƙarƙashin mai nauyi. Na PU ya fi tauri, ya kuma fi ƙarko. A danna da babban yatsa: idan ta lotsa har ƙasa, a ajiye ta. A duba mazaunin dunduniya ya yi zurfi, gefensa da ƙarfi.

Sai sanin tafin ƙafa. A jiƙa ƙafa a taka siminti. Idan sawun ya fito gaba ɗaya, tafin a shimfiɗe yake, yana son shimfiɗa mai ɗan tudu kaɗan a tsakiya. Idan tsakiyar sawun ta yi siriri, ana buƙatar mai tudu sosai. Gwaji da yamma ya fi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za a yi gudun da ita. A fara da tafiya na 'yan kwanaki kafin gudu.

Ga 'yan uwa da ke aiko da takalmi daga Legas ko Faransa, lamba kaɗai ba ta isa ba. A zana ƙafa a takarda, a auna tsawo da faɗi, a tura musu.

Shimfiɗa ba ta raya mataccen takalmi. Bayan kilomita 500 zuwa 800 ƙasansa ya gaji, kuma na mai nauyi ya fi saurin gajiya. Wanda dunduniyarsa ke suka a takun farko na safe har tsawon makonni, ko mai ciwon suga, ya ga likita kafin ya ci gaba da gudu.