Kallon Fim a Ƙasar Ƙonni da Adar: Gidan Kallo da Tsakar Gida

A gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, kallon fim iri biyu ne: akwai wanda ake fita a biya kuɗi a yi shi cikin taron jama'a, akwai kuma wanda ake yi a gida. Babban abin da ya raba su shi ne wanda al'ada ta yarje wa zama a kowane ɗaya. Kallon fita na samari ne da yara maza. Kallon gida kuwa na mata ne da iyali.

Silima mai gini tun asali abar manyan birane ce, irin su Yamai, Maraɗi, Damagaram, Sakkwato da Kano. A wancan zamani yawancinsu fili ne mai katanga ba rufi, sai duhu ya yi ake haska fim, kuma galibin abin da ake nunawa na Indiya ne, da na kaboyi da na Caina. Mutumin ƙauyen Adar yakan ga silima ne idan fatauci ko bida, wato ci-rani, ta kai shi birni, in ya dawo ya ba da labari a dandali. Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin magabatan harkar fim a Nijar, wanda ya daɗe zaune a garin Tawa kafin rasuwarsa a 2015, ya yi fim tun 1966 kan saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa, gari ya rikice. Dattawa da malamai ba su taɓa ganin silima da mutunci ba. Matar aure ba ta zuwa, budurwar da aka gani a can kuma ta jawo wa kanta magana. Majigi mai yawo ne kaɗai ya tsira daga wannan zargi, domin kyauta ake nuna shi a fili, da yardar maigari, don faɗakarwa kan rigakafi, noma ko karatun yara.

Da bidiyo da kaset suka yawaita, sai gidan kallo ya zama silimar wannan yanki. Iyaka ta taimaka ƙwarai. Ƙonni na fuskantar Illelar Najeriya, wadda ba ita ce Illelar Adar mazaunin Sarkin Adar ba, kuma daga nan zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Ta wannan hanya finafinan Kano suka shigo, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa Sangaya da Wasila da barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro, suka bi babbar hanya zuwa Tsarnawa, Malbaza da Galmi, suka haura Badagishiri.

Gidan kallo rumfa ce ta zana ko ta kwano, da bencina, da tele a kan tebur, da injin wuta yana ruri a baya. A ƙofa akan jingina allo a rubuta sunan fim da alli, yaro ya tsaya yana karɓar dala biyar ko dala goma, a bakin iyaka kuwa har naira ana karɓa. Ciniki ya fi kyau bayan sallar isha'i, da ranar kasuwa, da lokacin da albasar Galmi ta shigo kuɗi suka wadata a hannun samari. Ba a kallo da shiru a nan. Ana yi wa jarumi kirari, ana zagin mugu, wanda ya taɓa ganin fim ɗin yana riga kowa faɗin abin da zai faru ana tsawata masa. Kafin a soma fassara finafinan Indiya da Hausa, akan sami wani gwani a gaba yana bayyana wa sauran abin da ake cewa, ko da shi ma ba ya jin Indiyanci. Ƙorafin iyaye a kan gidajen kallo yana da tushe: yara na guje wa karatun dare, wasu na taɓa kuɗin talla don su shiga, wani mai gidan kuma ba ya tantance abin da ya dace da ƙananan yara. A yau yawancin gidajen sun koma nuna ƙwallon Turai, kuma ranar da Real Madrid ta haɗu da Barcelona ce ranar cikarsu.

Kallon gida shi ne ya fi sauya rayuwar jama'a. 'Yan bida da ke dawowa daga Abijan, Legas ko Libiya sukan zo da tele da na'urar bidiyo a cikin tsaraba, daga baya kuma waɗannan suka shiga jerin kayan ɗakin amarya a gidajen masu hali. Ta haka matar kulle, wadda ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, ta zama babbar mai kallo. Bayan tuwon dare akan fito da tele tsakar gida saboda zafi, a shimfiɗa tabarmi. Yara a gaba, mata a baya, maigida idan yana nan ya zauna gefe. 'Ya'yan maƙwabta suna shigowa ba a gayyace su ba, kuma korarsu abin kunya ne ga mai gidan. A da ana aiken yaro gida-gida aron kaset ko faifai kamar yadda ake aron rariya. Ɗakin sabuwar amarya kuwa yakan zama matattarar 'yan mata a makonnin farko, suna ɗebe mata kewa da kallo.

Kunya tana da nata tsari a wannan zama. Suruki da suruka ba sa haɗuwa a tabarma ɗaya. Idan aka zo wurin rawa da waƙa ko hirar masoya, ko dai babba ya tashi ya ba yara wuri, ko a tura fim ɗin gaba. Labaran da suka fi karɓuwa su ne na kishi, auren dole, uwar miji da zaman 'yan uba, domin mata na ganin gidajensu a ciki, kuma muhawarar da ke biyo baya takan kai washegari a bakin rijiya ko wajen daka. Daga finafinan ake ɗaukar salon ɗinki da ɗaurin kallabi da waƙoƙin biki, ciki har da na Fati Nijar, 'yar asalin Maraɗi. Har a bakin yara ana jin tasirin, inda kalmomin Kananci ke cuɗanya da Hausar Adar da ta Ƙonni. Da damina kallo yakan ragu saboda gajiyar gona, da azumi kuma tafsiri ke karɓe wurinsa, sai da Sallah ya dawo da ƙarfi.

Tauraron ɗan Adam ya ƙara wa gida rinjaye. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, waɗanda iyali ke jira mako-mako. Sai dai wuta ce matsalar. An buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza a 2018, mai ƙarfin megawat 7, amma ƙauyuka da dama har yanzu da farantin sola da batir suke kallo.

Salula ce ta zo daga ƙarshe. A kasuwanni akwai masu turi, waɗanda ke cika wa mutum katin waya da finafinan Hausa da fassarar Indiya a kan 'yan daloli, mai kuɗin intanet kuma ya bi Izzar So a YouTube. Samari a fada kan taru su biyar kan waya ɗaya ana dafa shayi, amma da yawa sun koma kallo su kaɗai a ɗaki, abin ji a kunne. A tsakar gida uwa ta san abin da ɗanta ke gani, tana iya tura fim ɗin gaba ko ta kashe, a gidan kallo ma akwai idon jama'a. Wayar da ke hannun yaro ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun, kuma iyaye ne kaɗai za su iya cike wannan gurbi.